Me farfesan kasuwancin noma yake bincikawa, kuma ta ina ake bi a kai wannan matsayi?

Tambaya: Malam, na gama digirin farko a fannin tattalin arzikin noma, na kuma kammala bautar ƙasa. Ina sha'awar koyarwa a jami'a a ɓangaren kasuwancin noma. Amma in aka tambaye ni a gida me farfesan wannan fanni yake yi, sai in rasa amsa. Baffana ma cewa ya yi ko noma ko kasuwanci, in zaɓi ɗaya. Me suke bincikawa, kuma wace hanya mutum yake bi har ya kai?

Ƙanena, ka gaishe mini da baffa, ka faɗa masa cewa tambayarsa ita ce ta haifi fannin nan tun asali. Amsar ma tana bakinsa, in ya tuna kirarin da muke yi wa noma: na duƙe tsohon ciniki. Kakanninmu ba su raba noma da ciniki ba. Tsarin karatun boko ne ya raba su, aka ba wa wani sashe ƙasa da iri da taki, aka ba wa wani sashe lissafin riba da tafiyar da kamfani, sai abin da ke tsakaninsu ya rasa mai kula da shi. A wannan tsakanin muke aiki.

Ɗauki buhun masara guda da aka noma a yankin Saminaka. Kafin a shuka ta, wani ya sayar da iri, wani ya kawo taki daga masana'anta, wani ya ba manomin bashi. Da kaka ta yi aka ɓare ta, aka auna, ɗan sari ya tara, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa, 'yan dako suka yi lodi, direba ya kama hanyar Ibadan. A can injin abincin kaji ya niƙa ta tare da waken suya, mai gidan kaji ya ciyar, kaji suka yi ƙwai, ƙwan ya hau wata motar har ya iso teburin mai shayi. Masanin ƙasa da tsirrai aikinsa ya ƙare a bakin gona. Mu kuwa bin buhun nan muke yi daga farko har ƙarshe, kuma a kowane hannu ya shiga sai mu tsaya mu tambaya: wa ya yanke farashi, kuɗin wa aka zuba, in an yi asara a kan wa take faɗawa, nawa ya lalace a hanya, kuma me ya sa aka ƙulla cinikin ta wannan siga ba ta wata ba?

Tunda ka tambayi yadda rayuwar irin wannan farfesa take, bari in ba ka labarin wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen fannin, wato Ray Goldberg na makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka.

An haife shi a 1926 a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa, ƙasar alkama, a gidan da sana'arsu ita ce cinikin hatsi da iri da abincin dabbobi. Wannan asali yana da muhimmanci, domin kafin ya san sunan kowace ƙa'ida ta tattalin arziki ya riga ya san yadda manomi yake shigowa da kaya, yadda ake auna su, da yadda fuskar mutum take canzawa in ya ji farashi. Ya yi digirin farko a Harvard a 1948, kuma abin da ya rubuta a kai shi ne wata ƙungiyar siyasa ta manoman jiharsu, waɗanda suka tashi tsaye saboda suna ganin masu jirgin ƙasa da masu injin niƙa da bankuna suna cin guminsu. Ya yi digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci a 1950, sannan ya tafi Jami'ar Minnesota ya yi digirin digirgir a tattalin arzikin noma a 1952, inda kundinsa ya tsaya kan waken suya: matsayin manomin Minnesota da mai matse mai a cikin gasar kasuwa. Ka lura da jerin: siyasar manoma, sannan kasuwanci, sannan amfanin gona guda ɗaya da aka bi diddiginsa. Duk abin da ya yi daga baya yana cikin waɗannan ukun.

A 1955 ya koma Harvard ya haɗu da John H. Davis, wanda ya taɓa riƙe muƙamin mataimakin sakataren aikin gona na Amurka. Davis ne ya fara furta kalmar "agribusiness", wato kasuwancin noma, a wani taro a Boston a wannan shekarar, sannan a 1957 su biyun suka fitar da littafin A Concept of Agribusiness. Ma'anar da suka bayar ta haɗa ɓangare uku a tukunya ɗaya: masu ƙera kayan aikin gona da rarraba su, aikin da ake yi a gonar kanta, da kuma adanawa da sarrafawa da rarraba abin da aka noma. Ba a baki kawai suka faɗa ba. Sun yi amfani da tsarin lissafin masanin tattalin arziki Wassily Leontief, wanda shi ma yana Harvard a lokacin kuma daga baya ya sami kyautar Nobel a 1973, tsarin da yake nuna abin da kowane ɓangaren tattalin arziki yake saya daga wani da abin da yake sayar wa wani. Da suka jera alƙaluman sai ta fito fili cewa gona ta zama ƙaramin yanki na harkar abinci a Amurka, mafi yawan kuɗin yana jujjuyawa ne kafin gona da bayan gona. Yau ma, a kowace dala da ɗan Amurka ya kashe kan abinci, abin da yake komawa gona bai wuce kimanin santi 15 ba.

Aikin da na fi so ka riƙe shi ne na 1968, lokacin da Goldberg ya fitar da nazarinsa kan alkama da waken suya da lemon zaƙin Florida. Zaɓin nan akwai hikima a cikinsa. Alkama tana ajiyuwa, tana da kasuwar da ake yanke farashi yau a kan kayan da za a miƙa bayan watanni, gwamnati kuma tana da hannu a cikinta sosai. Waken suya sai an matse shi ya rabu biyu, mai da tunkuza, kowanne da kasuwarsa, don haka ribar mai inji tana rataye ne a kan farashi uku a lokaci guda. Lemo kuwa bishiya ce da take shekaru kafin ta fara 'ya'ya, sanyin dare ɗaya yana iya halaka amfanin shekara, kuma kayan ba ya jira. Tambayarsa a kan dukkan ukun ɗaya ce: me yake haɗa kan mutanen da ke cikin wannan sarƙa har kaya su isa inda ake buƙatarsu a kan lokaci? Wani wurin farashin kasuwa ne kawai yake yin wannan aiki, wani wurin yarjejeniya ce a rubuce, wani wurin ƙungiyar gama kai ce ta manoma, wani wurin kuma kamfani ɗaya ne ya mallaki gona da inji da motar dako. Har gobe, rabin binciken da muke yi a fannin nan amsa wannan tambaya ce a kan wani amfanin gona daban, a wata ƙasa daban.

Sauran tarihinsa gajere zan yi. Ya kafa taron bita na shekara-shekara na shugabannin harkar noma da abinci a Harvard a 1961. Ya riƙe kujerar farfesan aikin gona da kasuwanci daga 1970 zuwa 1997. A 1990 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tafiyar da kasuwancin noma ta duniya, shi ne kuma shugabanta na farko. Hanyar koyarwarsa ita ce ta makarantar: a rubuta labarin wani kamfani ko wata ƙungiyar manoma na gaskiya da ta shiga tsaka mai wuya, a ba ɗalibai alƙaluman, a ce in kai ne shugaba me za ka yi. Ya rubuta ko ya jagoranci rubuta ɗaruruwan irin waɗannan labarai. A 2018, yana da shekara fiye da 90, ya sake fitar da littafi, wannan karon kan amana da lafiya da haƙƙin mai cin abincin.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Kalmar da suka ƙirƙira ta sami baƙin jini a wurin mutane da yawa, kuma ba a banza ba. A 1935 gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8, yau kimanin miliyan 2 ne. Cinikin hatsi na duniya ya taru a hannun 'yan tsirarun kamfanoni irin su Cargill da ADM da Bunge da Louis Dreyfus. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kajin nama a Amurka ana kiwonsu ne a ƙarƙashin yarjejeniya: kamfani ne mai 'yan tsaki da abinci, manomi ne mai ginin da bashin ginin. Masu suka suna cewa fannin ya zama mai yi wa manyan kamfanoni fassarar abin da suke so. Ni ra'ayina shi ne kayan aikin da Goldberg ya bari ba su da ɓangare. Lissafin da zai nuna wa kamfani inda riba take, shi ne zai nuna wa ƙungiyar manoma inda ake cutarsu. Amma malami sai ya san wa yake yi wa aiki, kuma wannan shawara ce da za ka yanke tun kana ƙaramin malami, domin kuɗin bincike yana zuwa da buƙatun mai bayarwa.

Kada kuma ka ɗauko Amurka ɗungurum ka dasa a nan. A can manoma kaɗan ne masu manyan gonaki. A nan miliyoyi ne masu 'yan kadada, kuma gida ɗaya shi ne mai nomawa, shi ne mai ci, shi ne mai sayarwa. Wanda ya fi koya mana wannan darasi a ƙasarmu shi ne David Norman, masanin tattalin arzikin noma da ya zauna a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1965 zuwa 1976, kafin ya koma Jami'ar Jihar Kansas. A zamaninsa malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya jahilci ne, suna kira a shuka abu ɗaya a jere. Norman ya sa ma'aikatansa suka zauna a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suna bin gidaje a kai a kai shekara guda cur, suna rubuta awannin aiki da abin da aka kashe da abin da aka girbe. Sakamakon ya nuna manomin yana da gaskiya: haɗa shukar ya fi ba da amfani a kan fili ɗaya, ya fi biyan wahalar da aka sha a lokacin da aikin noma ya fi matsewa, kuma ya fi tsare gida daga yunwa in damina ta yi gardama. Haka batun auduga. Ana zargin manoma da jinkirin shuka ta, alhali dalilin shi ne lokacin da masana suka tsayar ya faɗo daidai lokacin da hannu duka yake kan abincin gida. Daga irin wannan aiki ne aka gina hanyar binciken da take kallon gona da gida a matsayin abu ɗaya, wadda ta bazu ƙasashe da dama. Abin da nake so ka gani a nan shi ne sunan Norman ya fita duniya ne daga ƙauyuka uku da ya zauna a kansu har ya san su.

To, me 'yan fannin suke bincikawa yanzu? Zan faɗa maka waɗanda nake ganin sun fi nauyi a wurinmu.

Na farko a zuciyata shi ne yarjejeniya tsakanin manomi da mai inji. A takarda abin yana da kyau: kamfani ya ba da iri da taki bashi, manomi ya noma, a kaka ya kawo kaya a farashin da aka tsayar. A fili kuwa, in farashin kasuwa ya haura na yarjejeniya, kayan sai su bi ta kasuwa. In ya faɗi ƙasa, sai mai inji ya fara samun aibu a jikin kayan, ko ya jinkirta biya. Kowanne ɓangare yana da labarin yadda aka ci amanarsa, kuma sau da yawa duka biyun gaskiya suke faɗa. Masana'antar tumatir ta Kadawa a jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. A shekarar farko ƙwaron nan da manoma suke kira sharon ya cinye gonaki, ga kuma tazarar da ke tsakanin farashin da inji zai iya biya da wanda 'yan gwari suke bayarwa in kaya sun yi ƙaranci. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015 shi ma a kan wannan siga aka gina shi, kuma matsalar dawo da bashi ta bi shi. Aikin mai bincike a nan ba neman mai laifi ba ne. Aikinsa shi ne ya gano wace irin yarjejeniya ce take tsayawa da ƙafarta ko babu ɗan sanda: shin farashin da yake bin kasuwa ya fi wanda aka kafe? Biya nan take a bakin gona yana rage zillewa? Lamunin rukuni yana aiki, ko kuwa yana jawo gaba tsakanin maƙwabta? Masanin tattalin arziki Oliver Williamson ya sami kyautar Nobel a 2009 kan ire-iren waɗannan tambayoyi, na dalilin da ya sa wani ciniki yake tafiya a kasuwa wani kuma sai an ɗaure shi da yarjejeniya.

A nan muna da gadon da ba mu yi masa adalci ba. Falle, wato karɓar kuɗi a bazara ko tsakiyar damina a biya da hatsi a kaka, tsohon abu ne a karkararmu, kuma kowa ya san yadda yake iya zama zalunci. A fiƙihu kuma akwai cinikin salam, inda hadisi ya shar'anta cewa wanda zai biya kuɗi kafin kaya ya yi a kan sanannen mudu, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Tunda bankin da ba ya mu'amala da ruwa ya fara aiki a Nijeriya a 2012, ƙofa a buɗe take ga wanda zai zauna ya auna yadda salam da murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da sananniyar riba) suke aiki a hannun ƙaramin manomi in aka kwatanta da falle da adashe da bashin banki. Wanda ya san lissafi kuma ya san fiƙihu, wannan fili nasa ne.

Sai mutanen tsakiya. An saba zagin dillali da ɗan sari da mai sito, ana cewa su ne suke tsawwala farashi. Thomas Reardon na Jami'ar Jihar Michigan, wanda ya yi suna tun 2003 da nazarin yaɗuwar manyan kantunan zamani a Afirka da Asiya da Latin Amurka, daga baya ya juyo da hankalin mutane kan abin da ya kira ɓoyayyar tsakiya: dubban ƙananan 'yan kasuwa da masu motoci da masu injin casa da niƙa waɗanda su ne suke ciyar da birane, amma tsare-tsaren gwamnati ba sa ganinsu. Duk wanda ya taɓa wuni a Dawanau ya ga ana loda ridi da zoɓo da wake ya san abin da ake nufi. Ba na cewa babu masu ɓoye kaya. Ina cewa kafin a yanke hukunci a lissafa kuɗin mota, kuɗin buhu, na dako, abin da ake karɓa a shingayen hanya, hasarar ƙwari, da kuɗin da ya kwanta wata shida. Abin da ya rage bayan nan shi ne riba, kuma sai an auna ake sanin ko ta wuce kima. Abokiyar aikin Reardon, Saweda Liverpool-Tasie, ta yi irin wannan awo a kan taki. Ana ta cewa manoman Nijeriya ba sa zuba taki saboda rashin sani. Nazarinta na 2017 kan masara ya nuna suna zubawa fiye da yadda ake zato, kuma a wurare da yawa ƙara takin ba ya biya, saboda ƙarin amfanin da yake kawowa kaɗan ne, ga tsadar ɗauko shi zuwa ƙauye. Sakamako irin wannan yana sauya tambayar gaba ɗaya, daga "ta yaya za a wayar da kan manomi" zuwa "me ya sami ƙasar, me ya sami hanyar".

Ajiya ma babi ce. Buhun nan mai ruɓi uku na adana wake ba tare da magani ba, leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue da abokan aikinsa a arewacin Kamaru ne suka faro shi. Amma fasahar ta daɗe ba ta bazu ba, sai da aka fara wani shiri a 2007 a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ƙarƙashin jagorancin Jess Lowenberg-DeBoer, masanin tattalin arzikin noma da ya taɓa zama a Nijar yana aiki da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar. Aikin da aka yi na kasuwanci ne: wa zai ƙera buhun, wa zai sara, wa zai kai shi kasuwar ƙauye kafin kaka, a kan nawa. Aka riƙa ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance a gabansu, gani ya kori ji. An kuma gano cewa in mai sayar da buhun ya yi nisa da ƙauye, amfani da shi yana raguwa ko da mutane sun yarda da shi. A Nijar ɗin dai, masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa yana iya jin farashi kafin ya ɗauki mota. Ga kuma cinikin ƙetare iyaka ta hanyar Kano da Katsina da Maraɗi, inda canjin naira da sefa yake juya alƙiblar gero da wake da dabbobi, kuma rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya bar darussan da suka cancanci kundi fiye da ɗaya.

Batun matakala kuwa ba shi da wuyar faɗa, hawan ne mai wuya. A jami'o'in Nijeriya mai digirin farko mai kyau yana shiga a matsayin mataimaki mai neman ƙarin karatu, da digiri na biyu ya zama mataimakin malami, sai malami mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban malami, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. Galibi ana shekara uku aƙalla a kowane mataki, kuma ba a wuce tsakiyar matakalar sai da digirin digirgir. Ana duba koyarwa, da rubuce-rubucen bincike, da hidimar jami'a da al'umma, amma a aikace rubuce-rubucen ne suka fi rinjaye. A matakai biyu na ƙarshe ana aika ayyukanka ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce. Bayan ka kai, za ka gabatar da laccar kama kujera, inda za ka faɗa wa jama'a abin da ka ƙara wa ilimi, kuma doka ta ba farfesa damar aiki har shekara 70. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai da wasu bincike. Ga sashen tattalin arzikin noma na Samaru, ga Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ga jami'o'in aikin gona na Makurɗi da Abeokuta da Umudike. In ka kai a cikin shekara ashirin ba ka makara ba.

Abin da yake damuna, kuma na ga ya cinye hazaƙar matasa da yawa, shi ne yadda neman yawan maƙaloli yake sa mutum ya yi ta tsalle. Bana ribar noman albasa a wata ƙaramar hukuma, baɗi kiwon kifi a wata, duk da takardar tambayoyi iri ɗaya da lissafi iri ɗaya, a kai wa mujallar da in ka biya za ta buga ko me ka kawo. Na taɓa zama a kwamitin duba kundi inda alƙaluman manoma da yawa suka zo iri ɗaya sak, har na gane a zaune aka cike takardun ba a je ƙauyen ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin irin waɗannan alƙaluma ne wata rana wani zai ɗauka ya gina shiri a kansu, manomi ya kwana a ciki. Ana iya kai wa farfesa ta wannan hanya. Amma ranar laccar kama kujera, in aka ce me ka gano, sai a ga tarin takardu babu zare ɗaya da ya ɗinke su. Goldberg ya fara da waken suya a 1952, yana kansa a 1968. Norman ya yi shekara goma sha ɗaya a Samaru. Shawarata gare ka ita ce ka zaɓi amfanin gona ɗaya da tambaya ɗaya tun a digiri na biyu, ka riƙe su har mutanen wannan sana'a su san ka, su riƙa kiranka in abu ya faru.

Kayan aikin da za ka tanada: ƙididdigar tattalin arziki sosai, ba ta haddar jarrabawa ba, da manhaja irin Stata ko R. Ka iya karanta littafin shiga da fitar kuɗi na kamfani, don da yawa daga cikinmu da suka fito daga tsangayar aikin gona a nan suke da rauni. Ka saba da bayanan binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take tattarawa tare da Bankin Duniya tun 2010, waɗanda ake bin gidaje ɗaya ana komawa, kuma kyauta ake samunsu a intanet. In kana hangen cinikin iyaka, ka koyi Faransanci. Hausarka kuma jari ce babba. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo cikinsa, kuma amsar da zai ba mai riƙe da takarda daban take da wadda zai ba wanda sarkin kasuwa ya gabatar, ya zauna a rumfarsa sati uku suna shan fura tare.

Wajen zaɓen mai duba aikinka, kada ka bi girman suna kawai. Ka karanta abin da ya rubuta a shekaru biyar na baya, ka tambayi ɗalibansa ko yana karanta babi ya dawo da shi da gyara, kuma ko yana fita fili.

Kafin ka cike takardar neman digiri na biyu, ka yi wannan a kakar bana. Ka sayi ƙaramin sikeli da littafin rubutu, ka zaɓi kasuwar ƙauye ɗaya da kasuwar birni ɗaya da kayan suke zuwa, ka riƙa zuwa duk ranar kasuwa har wata uku. Ka rubuta farashi da safe da yamma, ka tambayi kuɗin mota da na dako da la'ada. Ka auna mudun kowace kasuwa da kanka, domin mudun wani gari ba na wani ba ne, buhun da ake ce wa kilo ɗari ma sau da yawa ba ɗari ba ne, kuma wani lokaci ribar ɗan sari duka a cikin wannan bambancin take. In ka gama ka kawo mini littafin mu zauna a kansa, ka taho da baffa in zai samu zuwa, don ina da tambayoyin da zan yi masa kan yadda ake sayar da hatsi a garinku.